Cokali Ɗaya a Nam Can

Ƙarfe uku na dare a Nam Can,
teku ta ja da baya ta bar laka tana numfashi.
Ni da tocila muna bin kwandunan roba,
kowanne da 'yar ƙaguwa guda,
ba ta kai farcen babban yatsa ba
amma ta ɗaga awartakinta tana yi mini kashedi.

Wata biyu ke nan muna gardama da Khoi a kan cokali ɗaya.
Diem Thuy, yarinyar da ta zo daga jami'a,
ta rubuta mana da gawayi a jikin rumfa:
garin kifi kaza, man kifi kaza, kada a ƙara.
Khoi ya karanta ya yi tsaki.
Shi da ya tashi a shekarun shinkafa da gishiri
bai yarda akwai maiƙon da ke yi wa mai rai yawa ba.
In na juya baya sai ya tuttula wa kwaɓin layin gabas
har abincin ya riƙa ƙyalli.

Layin yamma kuwa laifina ne.
Mai ya yi tsada, na tsuke hannu.
Suka yi ta ci kamar masu zuba ruwa a rariya,
ranar saɓa ta zo, ƙarfin fita babu.
Biyu na tsinta da asuba,
rabin jiki a waje, rabi a tsohon ɓawo,
kamar wanda barci ya sace yana tuɓe riga.

Na gabas ba su mutu ba.
Sun dai zauna.
Su ɗan lasa su bari, maiƙo na yawo a saman ruwa,
sikeli ya tsaya cik mako uku.
Diem Thuy ta buɗe guda da ƙaramin almakashi,
ta nuna wa Khoi hantar:
fara fat, ta kumbura, tana narkewa a bakin ƙarfe.
Bai ce uffan ba. Ya je ya gyara ragar da ba ta yage ba.

Layin tsakiya, wanda muka manta mu yi faɗa a kansa,
shi ne yau ya cika da fatalwa:
ɓawo fanko, har da gurbin ido,
mai shi na gefe, laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda,
tana shan ruwa tana faɗaɗa
kafin sabuwar rigar ta ƙame.
Na ƙirga goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa.

Ga Khoi nan tafe a kan katakon gada,
kofin gahawa a hagu, kwalbar mai a dama.
Ya cika cokali,
ya dube ni, ya dubi gawayin,
hannunsa na ɗan rawa,
sannan ya mayar da ɗigo biyu cikin kwalba.