Kujerar Bakin Ƙofa

Talata, hawa na uku,
taga tana kallon ruwan Akoka,
fanka ta mutu tun zangon bara.
Na shigo da alli da rajista
da darasi a kan raunin da ba ya jini.

Ɗalibai arba'in da biyu.
Folake tana fifita da takarda,
Nkiru tana cin gyaɗa a ɓoye,
Ɗantala, yaron Agege, yana bakin ƙofa.
Kullum can yake zama,
ko da ya riga kowa zuwa.

Na rubuta a allo: firgici yana da ɗaki a cikin jiki.
Ban kai ga ɗiga aya ba
tayar danfo ta fashe a titi,
daram!
Kafin ƙarar ta mutu
Ɗantala yana ƙarƙashin tebur,
hannu biyu a ƙeya,
ƙato mai gemu ya dunƙule kamar bushiya.

Aji ya kwashe da dariya.
Ni kuwa ga misali ya faɗo mini a tafi,
wanda ya fi duk na littafi.
Harshena har ya ɗaga zai ce: kun gani?
Na haɗiye.
Ba a yanka akuyar maƙwabci
don a koya wa yara fiɗa.

Na ce a buɗe shafi na sittin.
Na juya ina goge allo,
ina goge inda ba rubutu,
har na ji kujera ta motsa.
Ban tambaye shi ba.
Har yau ban tambaye shi ba.

Abin da ake biyana in koyar ke nan,
in dai yana koyuwa:
kada ka tsaya tsakanin mutum da ƙofa.
Nemi izini kafin ka ja labule.
In ta yi shiru, shirun nata ne,
kada ka zuba masa surutunka.
Mai ɗaki ya san inda yake yoyo,
kai baƙo ne, riƙe masa kwano.
Suna rubutawa da sauri,
Nkiru ta ɗaga hannu: Malama, zai fito a jarrabawa?

Bayan wata uku, koyon aiki a Idi-Araba,
na leƙa ta gefen labule.
Wata tsohuwa ce, Iya Sakirat,
da aka rushe musu unguwa a bakin ruwa,
riƙe da mabuɗin ƙofar da babu ita.
Fom ɗin yana da gurbi goma sha takwas,
ba ɗaya da zai ɗauki wannan asubar.
Folake ta maimaita tambaya sau uku,
tsohuwa tana kallon bango.

Sai Ɗantala ya tashi.
Ya ja kujerarsa, ta bakin ƙofa,
ya ce da Yarabancinsa na kasuwa: Mama, dawo nan.
Shi ya koma lungu, bayansa a bango,
na ga maƙogwaronsa yana hawa da sauka.
Ya sa biro a aljihu.
Ya ce: in kin gaji, mu bari sai gobe.

Ta yi minti ashirin tana zagin tsadar tattasai.
Ya bar ta.
Sannan ta ɗora mabuɗin a tebur,
ta fara daga kukan karnuka.

Na saki labule.
Maki nawa ake ba wannan?
Takardata ba ta da gurbinsa.

Da magariba cunkoso ya tsare mu a kan gada,
ruwa baƙi hagu da dama,
mai tallan ciyaci yana bin gilashi.
Kwandasta ya ce in matsa ciki, akwai wuri.
Na ce a'a, nan ya yi mini.
Shekara goma sha ɗaya ina shiga motar nan,
gwiwata a jikin ƙofa,
ba wanda ya taɓa tambayata.
Na gode musu.