Kwalba Arba'in

Asuba ta same ni a Makoko.
Kafin masu kwalekwale su kurkure baki
na riga na tsoma hannu a ruwan da ba ya nuna fuska.
Kwalba arba'in na cika, kowace na liƙa mata suna
kamar mai raɗa wa jarirai.

Tambayata ba ta da tsawo:
me kifin nan yake haɗiya
kafin mu haɗiye shi?

A ɗakin gwajinmu na'ura ɗaya ce,
ta girme ni da shekara shida.
Baba Adisa mai kula da ita Hajiya yake ce mata.
Ran da ta ga dama ta yi tari, ta tofo lamba,
ran da ba ta ga dama ba mu yi tagumi.
Damina biyu ke nan ba ta ce uffan ba.

Sai in rungumi kular ƙanƙara in hau danfo
zuwa Ikeja, inda ake awo da kuɗi.
Cunkoso ya riƙe mu awa uku a kan gada,
ƙanƙara na narkewa a cinyata
tare da albashina.
Kwalba goma aljihu ya iya.
Talatin na tuttular a kwata da hannuna.

Babana albasa yake sayarwa a Mil Sha Biyu.
Ya ce, "Barira, ni in sikelina ya lalace
ko rumfa ba na buɗewa.
Ke da me kike awo?"
Na ce, da haƙuri.
Ya ce, "Wannan ba ya nuna lamba."

Nkiruka da muka gama tare
ta turo hoto daga ƙasar sanyi,
na'urori a bayanta reras kamar motoci a tasha.
"Me kike jira?"
Na kalli hoton har cajin waya ya ƙare.

Sau huɗu na nemi tallafi.
Sau uku aka yaba mini ƙoƙari.
Na huɗun na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune,
na miƙa wa Baba Adisa ya karanta mini da ƙarfi.

Wata biyar akwatin ya kwana a Apapa
yana jiran sa hannun wani da ya tafi hutu.
Ran da ya iso ruwa ake kamar da bakin ƙwarya,
ƙarti shida suka haura da shi bene na uku.
Baba Adisa ya cire hula.
Muna jona ta aka ɗauke wuta.
Dariya muka yi, har da hawaye,
wani ya ruga ya tada janareta.

Yanzu akwai takarda a jikin ƙofa,
sunan matasa goma sha ɗaya, kowa da ranarsa.
Hajiya na gefe, an lulluɓe ta da zane.

Daren jiya na auna arba'in ɗin cif.
Dalma ce, ta wuce ƙima.
Na sake aunawa. Ba ta canza magana ba.

Gobe zan koma Makoko,
wurin Iya Senami mai banda,
wadda ke ƙara mini gyaran kifi ɗaya kullum.
Shekara huɗu ina neman wannan lambar.
Har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.