Gado a Kan Katako Huɗu

Yau da hantsi Tjerk ya ɗaga gadonmu,
ya cusa katako ƙarƙashin kowace ƙafa
don kada bayan Aukje ya ƙage in ta sunkuya.
Yanzu sai na yi ɗage kafin in hau,
ni da igiyar takalmina ma ta fi ƙarfina.

Sati talatin da takwas.
Daga tagar nan ina hango shingen teku,
tumakinmu suna bin gefensa kai a ƙasa,
ruwa ya janye ya bar taɓo yana ƙyalli.
Aukje ta ce haka naƙuda take zuwa:
ta taso, ta cika, ta janye.
Kada ki yi kokawa da ita, Jildou, ki yi iyo.

Na rubuta burina a takarda ɗaya,
na manna a jikin firiji kusa da lambarta.
Ba na son allura a gadon bayana.
Ina so ƙafafuna su san inda ƙasa take,
in durƙusa in na ga dama,
in rungumi bakin gado in yi gurnani,
in ji saukowarka gaɓa bayan gaɓa.
Ina so in kasance a gida
ranar da za ka yi sallama.

Na ce kai, watakila ke ce.
Ba mu tambaya ba.
Alewar barbaɗa wa maƙwabta a kan biskit
mun saya kala biyu, shuɗi da ruwan hoda,
suna cikin kabad suna jiran hukunci.

Da dare nakan damƙe ƙanƙara a tafin hannu,
Tjerk yana ƙirga min sittin.
Wajen ashirin nakan tsane shi.
Wajen arba'in in tuna da numfashi,
in ja ta hanci, in sake a hankali
kamar mai hura shayi.
Sittin, in buɗe hannu, ruwa ne kawai.

Ran Lahadi na je Harlingen wajen kakata Sjoukje.
Bakwai ta haifa a ɗakin sama,
ɗaya a shekarar da magudanai suka daskare
har ungozoma ta zo tana sulɓi kan ƙanƙara.
Na kai mata takardata ina jiran yabo.
Ta karanta da gilashi a kan hanci,
ta yi dariya har da tari:
Yarinya, da an miƙo min allurar nan
da na karɓa, na tambaya ko da saura.

Na dawo ina jin haushi a bas.
Sai na tuna tunkiyarmu mai yagaggen kunne,
bara, ƙarfe ukun dare, ɗanta ya zo a gicciye.
Tjerk ya kira likita, aka yi abin da za a yi.
Da safe tana lasar ɗanta,
ba wanda ya ce ta gaza.

Shi ya sa jaka take bakin ƙofa,
da safa, da caja, da 'yar hula,
mota kuma hancinta na kallon Leeuwarden.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi;
in ƙarfina ya ƙare, zan faɗa da bakina.

Amma har yanzu ina so.
Ina so fitila ɗaya ta isa,
ruwan zafi ya yi tururi a kwano,
iska ta riƙa taɓa taga,
Aukje ta yi shiru a kusurwa tana jira.

Baƙona, ba na gaggauta ka.
An wanke zannuwa, an ɗaga gado.
Ɗazu ka tokare ni ƙarƙashin haƙarƙari,
na dafa wurin, ka sake tokarewa.
To, na ji.
Teku ma ta fara dawowa.