Gadon Da Ba Wanda Ya Nema

Teburina ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce,
a gindin dalbejiyar da ke kallon kotun Gadarif.
Shekara ashirin da shida ina sayar da rubutu
ga masu magana cike da baki, hannu bai iya ba.

Da hantsi Batulu ta zo,
mai shayin nan ta bakin tashar Kasala,
ƙanshin citta da gawayi na biye da mayafinta.
Ta ce, “Malam Siddiƙu, rubuta.
Saki ɗaya ne, idda ta cika ran Talata.
Bai yi kome ba, ni ma ban aika a roƙa ba.”

Na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa:
aure ba ya narkar da dukiya a tukunya guda.
Naki naki ne, nasa nasa.
Sadaki ya zauna, tunda shi ya furta.
Kayan da aka san mata da su, rantsuwarki ta isa.
Wanda hannun kowa ke taɓawa,
a kawo shaida, ko a raba.

Ta shiga lissafi da yatsu:
keken ɗinki, tukwane tara, murhun gas,
awarwaro biyu da ya jinginar shekarar da riɗi ya ƙi,
firjin da ta saya da kwasar adashe
amma rasit ya fito da sunan Haliru,
don shi ya je kasuwa ran nan.
Ga akuya, ta haihu ana cikin idda.
“Uwar tawa ce, dusar tasa. ’Ya’yan fa?”
Na ce a wajen awaki, ɗa uwa yake bi.

“A wajen mutane fa?”

Na ajiye alƙalami.
Reno naki, ci da sutura da kuɗin makaranta nasa.
In namiji ya cika bakwai, mace tara,
uba na iya nema,
alƙali ya duba inda ya fi musu.
Leɓenta na motsi, ba murya.
Mudassir shida da wata huɗu.
Ihlas takwas a azumin bana.

Na ce shimfiɗa fa?
“Nawa gadon, rubuta shi.
Na yaran, ƙaramin nan mai shuɗiyar igiya, bar shi can.
Wata rana gidan ubansu za su kwana,
kada su je su tarar da ƙasa.”

Bayan azahar sai ga Haliru,
ƙaiƙayin dawa a gashin kansa,
ya zauna a kujerar da ta tashi, bai sani ba.
Ya zaro rasit mai ninki huɗu, ya buga a tebur,
bulo ya goce.
Awarwaro? Ai tare aka ci kuɗinsu.
Rediyo nasa, amalanke nasa, buhu shida na dawa.
Ya tambayi ranar ziyara,
ko za a ba shi Juma’a tun daga safe,
don yaron ya saba bin sa masallaci.

Na ce shimfiɗa fa?
Ya daɗe yana kallon takalminsa.
“Na yaran, ni na saƙa shi, daren sunan Ihlas.
Kada ka sa.
Suna wurinta. A kan me za su kwanta?”

Takarda biyu ke cikin jakata yanzu.
Ran Lahadi za a kira su,
za su yi ta jan firji har muryoyi su dushe,
wataƙila a dafa Alƙur’ani kan awarwaro.
Alƙali ba ya hukunci kan abin da ba a nema ba,
ni kuma maganar mai ƙara amana ce a wuyana.

Na naɗe tebur, na tura bulo bayan bishiya.
Can unguwarsu, a tsakar gidan da aka kwashe rabinsa,
gadon na jingine da katanga,
rana tana cin igiyarsa.