Mataki na Bakwai

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga ya sauka a Bradford.
Ɗakina can ƙuryar sama,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Barira ta ce yau Ummi ta fara tafiya,
taku uku, daga tabarma zuwa turmi,
in kira in gani da idona.

Na buɗe kwamfutar cinya.
Sai 'yar da'irar nan ta fito,
tana juyi, tana juyi,
kamar akuya a turke.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na rufe shafuka goma sha ɗaya da na bari tun Litinin.
Na kashe, na kunna.
Na sa ta manta da waifan gidan,
na sake haɗa su, kamar dangin da suka ɓata.
Sanda ɗaya tak, ita ma tana rawar sanyi.
Na auna gudu:
allurar ta ɗaga kai, ta dube ni, ta koma ta kwanta.

Na sauka ƙasa.
Rautar Mista Holdsworth na bayan tankin kifi,
ƙura ta yi mata mayafi.
Na zare filogi, na ƙirga talatin, na mayar.
Fitilu suka farka ɗaya bayan ɗaya,
ja, ruwan goro, kore.

Amma gidan na dutse ne, ginin zamanin masaƙun ulu,
bangonsa ko gulma ba ya bari ta wuce.

Sai na tallabo kwamfutar da hannu biyu
kamar ƙwaryar nono cike fal,
ina hawa, ina leƙen kusurwar allo.
Mataki na huɗu, sanda uku. Na tara, ɗaya.
Na dawo na bakwai, na zauna.

Kira ya shiga.
Ga tsakar gidanmu a Azare, ga igiyar shanya,
ga Ummi riƙe da bakin zanen uwarta.
Ta saki, ta ɗaga ƙafar dama,

hoto ya daskare.

Na duba: uku cif.
Ba daga nan ba ne.
Can ne data ta ƙare, ko caji.

Ban rufe ba.
Sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa,
Wojtek ya tsallake ni da kwanon miyarsa,
'yata tana tsaye da ƙafa ɗaya a iska,
ina jira ta sauke.