Taku Huɗu

Na rufe shago tun kafin la'asar,
na bar Kasuwar Barci da hayaniyarta,
na kashe waya na cusa a aljihu
kamar mai ɓoye kayan sata.

Kogin Kaduna ya cika ya batse,
ruwan jiya ya mai da shi kamar kunun kanwa.
Wani masunci na ɗinkin koma a kan dutse,
bai ɗago ba,
bai tambaye ni me na zo nema ba.

Wata uku ban gai da Tasi'u ba.
Ciki ɗaya, nono ɗaya,
amma katangar gidan Baba a Tudun Wada
ta tsaya tsakaninmu.
Taku huɗu kacal.
Na ce gaskiya nake karewa.
Yau da na auna ta a gindin gamji
sai ga mudun bai cika ba:
rabi gaskiya, rabi girman kai.

Belbela ta sauka bayan saniya,
ba ruwanta da wa ke da filin.
Ruwa ya wuce da reshen ɗorawa,
ya wuce da silifas ɗin wani yaro.

A nan ya koya mini iyo.
Ya tallafe haɓata, ina shan ruwa ina kuka,
yana cewa, saki jikinka, ina nan.

An kira magariba daga Kabala.
Sauro ya fara cin rabonsa a ƙafata.
Na kunna waya, na lalubo sunansa.
Ta shiga.
Ban ma shirya abin da zan ce ba.