Hutun Ƙyale-su

Yayana Talle ya bar mini gado uku:
rediyo mai karyayyen ƙaho, bashin mai shago,
da jan kare mai yagaggen kunne
wanda ya raɗa wa suna Ƙyale-su
don maƙwabta su ji in ya kira shi da almuru.

Da hutuna ya zo, ba wanda ya yarda ya riƙe shi.
Na ce to, ai Jos tana da fili.

A tasha direbobi huɗu suka juya mini ƙeya.
Na biyar ya dube shi, ya dube ni:
"Kuɗin mutum biyu, kuma kujerar baya.
In ya yi amai, wankin mota naka ne."
Na shimfiɗa masa tsohuwar rigar Talle,
ya cusa hanci a aljihunta,
bai ce uffan ba har Hawan Kibo.

Masauki uku suka ce ɗaki ya ƙare,
alhali ina ganin makullai rataye a ƙusa.
A Rayfil, Madam Kangyang ta sauke tabarau:
"Yana da takardar allura?"
Na miƙa mata, da hatimi da kwanan wata.
Ta ce ko ita ba ta da takarda mai kyan wannan,
ta ba mu ɗakin da ke kusa da lambun kabeji,
da sharaɗi ɗaya: kajinta ba abokan wasansa ba ne.

Sanyin asuba ya shiga ƙashi.
Na ɗaure shi can gindin gwaiba,
na sake riga, na yi alwala da ruwa mai cizo.
Kwanonsa daban, butata daban,
kowa ya san iyakarsa, ba mu taɓa faɗa a kai ba.
Da na sallame, yana nan zaune,
tururi na fita daga bakinsa kamar tukunyar koko.

A Dutsen Shere na kwance igiya.
Kai! Ashe tsoho ma yana da gudu a ajiye.
Ya bi ƙadangare, ya bi inuwar shirwa,
ya tsaya kan dutsen da ke ɗauke da wani dutse
ya yi wa gari duka haushi,
garin ya mayar masa da haushinsa daga kwari.
Ni kuwa ina ƙasa ina lallashin gwiwoyina.

Kududdufin kuza ya yi masa kwarkwasa,
kore shar, luf, ba ko motsi.
Wani yaro mai kiwon awaki ya daka mana tsawa:
"Baba, wannan ruwan ba shi da gindi!"
Na mayar da igiya.

A hanya wani ya auna haƙarƙarinsa da ido,
ya ce, "Nawa?"
Na ce ba na sayar da gado.

Rana ta uku, a Bukur, shi ya ja ni.
Ya bi layin dogo, ya karya kwana, ya kutsa lungu,
igiya na yanka mini tafin hannu,
sai ga teburin shayi ƙarƙashin rumfar kwano.
Mai shayin ya saki ludayi:
"Ƙyale-su! Ina maigidan naka?
Shekara biyu ke nan da ya bar gadi, ko leƙe."

Na faɗa masa.

Ya daɗe yana goge kofin da ba shi da datti.
Sannan ya buɗe wani littafi mai maiƙo,
ya ja layi a kan wani suna,
ya gutsuro burodi, ya tsoma a madara,
ya ajiye a ƙasa, daidai ƙafar benci,
inda siminti ya riga ya yi santsi.